Yadda za ka bi da injin ɗumama gida a garin laima: gyara, farashi da lokacin sauyawa

Daren da sanyi ya fara sauka a Hiyuston, birnin da ke jihar Teksas ta Amurka, wayar masu gyaran injin ɗumama gida ba ta hutawa. A daren ne kowa yake tuna cewa akwai wani akwatin ƙarfe a saman silin ɗinsa, wanda rabon da a kunna shi tun watan Fabrairu. Ka taɓa tamostat, 'yar na'urar bango da ake saita ɗumi ko sanyin gida da ita, ka ji shiru. Ko ƙara ta tashi, kafin minti ɗaya ta mutu. Yara sun ƙudundune cikin bargo, mai gyara kuma ya ce sai jibi, in kana so yau sai ka biya kuɗin gaggawa.

Na ga 'yan'uwanmu da yawa da suka sayi gida a nan jihar Teksas sun shiga wannan halin, ni ma na shige shi a shekarata ta biyu. Mu da muka taso a Kano ko Zariya ko Maraɗi, hunturun da muka sani busasshe ne, mai tsaga leɓe da kawo faso. Na nan gajere ne kuma jiƙaƙƙe, sauran shekarar kuwa zafi ne mai naso, iska ɗauke da ruwan mashigin tekun Meksiko. Injin da suke kira fanes wata biyu ko uku yake aiki, sauran wata tara yana kwance yana shan laima. Tsatsa da ruwa da dogon zama su ne ke kashe shi, tun kafin aiki ya gajiyar da shi. Duk abin da zan faɗa a nan ya shafi mai gida a Luwiziyana da Jojiya da Fulorida da makamantansu. Wanda ke Minisota ko Shikago lissafinsa daban ne, don shi sanyi ne babban abokin gabansa.

Fara da sanin abin da ke saman silin ɗinka

Kafin komai ya lalace, samu ranar Asabar da safe ka hau ka duba. Ka riƙe tocila, kuma kada ka taka ko'ina sai kan katako, domin abin da ke tsakanin katakan kwalin silin ne, ba ya ɗaukar nauyin mutum. A wasu gidajen injin yana gareji ko cikin wani ɗan ƙaramin ɗaki a baranda.

Iri uku ne aka fi samu a wannan yankin. Akwai fanes mai aiki da gas, za ka gane shi da bututun gas, baƙin ƙarfe ko mai ruwan ɗorawa, da ke shiga jikinsa, da kuma bututun hayaƙi da ke fita ta rufi. Akwai mai aiki da lantarki zalla, wanda cikinsa wayoyi ne masu yin ja kamar na hitar dafa ruwa. Sai na uku da suke kira hit-fam, wanda a gaskiya esi ne mai iya juya aikinsa: da rani ya kwashe zafin gida ya fitar waje, da sanyi ya jawo ɗumin da ke cikin iskar waje ya shigo da shi. In ka sa ɗumi ka ga injin da ke waje yana juyawa, ko ka ga rubutun EM HEAT ko AUX a fuskar tamostat, hit-fam kake da shi.

In na gas ne, dubi bututun hayaƙin. Na ƙarfe yana nuna injin da ke mayar da kashi 80 cikin ɗari na gas ɗin da ya ƙona zuwa ɗumi. Farin bututun roba yana nuna mai kashi 90 zuwa sama, wanda yake tatsar zafin hayaƙi har ya zama ruwa. Wannan adadin shi ake rubutawa da sunan AFUE. Sannan ka ɗauki hoton takardar da ke manne a jikin injin, mai ɗauke da lambar samfuri da lambar siriyal. Daga lambar siriyal ake gane shekarar da aka ƙera shi, kuma shekarun nan su ne rabin hujjarka ranar da za a ce maka sai an sayi sabo.

Abu biyu da ba a wasa da su

In ka ji warin ruɓaɓɓen ƙwai, gas ne. Da gangan kamfani yake zuba masa wannan warin don a ji shi. Kada ka kunna fitila, kada ka kashe ta, kada ka tsaya neman inda yake fita. Fitar da kowa, sai ka kira kamfanin gas ko 911 daga waje.

Na biyun ya fi ba ni tsoro, saboda ba shi da wari ba shi da launi: iskar kabon monoksaid. Alamarta ciwon kai ne da jiri da tashin zuciya da kasala, sau da yawa ga mutanen gida duka a lokaci ɗaya, kuma su ji sauƙi in sun fita waje. Sayi na'urar da ke yin kururuwa in ta ji ta, ka sa kusa da ɗakunan kwana da kowane bene. Dala 20 zuwa 40 ce, kuma tana da wa'adi, an rubuta kwanan watan a bayanta.

A nan zan ɗan tsaya, domin abin ya taɓa al'adarmu. A gida, in hunturu ya yi tsanani, ana shigo da kasko da garwashi ɗaki, tsofaffi su ji ɗumi, maijego ta gasa jiki. Ko a can yana halaka mutane in an rufe ƙofa da taga. Gidajen nan kuwa a toshe suke ruf, an liƙe kowace kafa don kada sanyin esi ya tsere. A watan Fabrairun 2021, da guguwar sanyin nan ta faɗa wa Teksas, miliyoyin gidaje suka kwana ba wuta kwanaki, hukumar lafiya ta jihar ta ƙirga mutum 246 da suka rasu, cikinsu har da waɗanda wannan iskar ta kashe saboda sun shigo da gawayi ko janareta cikin gida, ko sun kunna mota a gareji don jin ɗumi. Don Allah, kada gawayi ya zama abin ɗumama ɗaki a nan. Kada a buɗe murhun girki don ɗumi. Janareta kuma wajensa waje, nesa da taga. Kuma ka sani fanes ɗin gas ma ba ya tashi in babu lantarki, domin fankarsa da ƙwaƙwalwarsa da wuta suke aiki.

Abin da za ka duba da kanka kafin ka kira kowa

Da yawa daga kiran da ake yi wa masu gyara a daren farko, da mai gida ya yi haƙurin minti ashirin da bai biya ko sisi ba.

Tamostat tukuna. Ka tabbata yana kan HEAT, ka ɗaga lambarsa sama da ɗumin ɗakin da digiri biyar, ka sauya batir in mai batir ne. Daga nan akwatin bireka, ka ga ko ta faɗi. In ka mayar da ita ta sake faɗuwa, bar ta haka, wannan aikin mai gyara ne. Kusa da injin akwai wani makunni da ba shi da bambanci da na fitila. Sau nawa aka hau ɗauko akwatin kaya aka kashe shi bisa kuskure! Murfin injin ma yana danne wani ɗan maɓalli, in bai zauna daidai ba injin ba zai motsa ba. Hannun famfon gas kuma ya kasance a miƙe tare da bututu. In ya gitta, a rufe yake.

Sai filta. Ciro ta ka ɗaga wa haske. In haske ba ya ratsa ta, iska ma ba ta ratsawa, injin sai ya yi zafi fiye da ƙima ya kashe kansa don kariya. Gidajenmu suna cin filta fiye da na maƙwabta, kuma dalilin ba ɓoyayye ba ne: turaren wuta, suyar manja, tuyar ƙosai da masa, ga yawan baƙi. Siririyar filta mai kaurin inci ɗaya, duba ta duk wata. Nemi mai lamba MERV 8 zuwa 11. Wadda ta fi haka matsewa tana iya shaƙe tsohon inji. Kibiyar da ke gefenta ta kalli injin.

Yanzu abin da ya keɓanta da garin laima. Ƙarƙashin injin akwai faffadan tiren ƙarfe. Leƙa ciki. Esi, wanda sashensa na cikin gida yake haɗe da wannan injin, yana tatsar ruwa mai yawa daga iskar gida, ruwan yana bin wani farin bututu ya fita. Cikin ɗumi da duhu gansakuka take tsirowa ta toshe bututun, ruwa ya dawo ya taru. Akwai ɗan makunni mai yawo a kan ruwa wanda yake yanke wutar injin gaba ɗaya don kada silin ya rufto, kuma a gidaje da yawa in ya yanke, ɗumin ma ya tafi. A Hiyuston kana iya kunna esi ranar Litinin a watan Disamba, ka nemi ɗumi ranar Laraba, don haka wannan matsalar ba ta san rani ko hunturu ba. In ka ga ruwa a tiren, tsane shi, ka zuƙe bakin bututun daga waje da injin shara mai jan ruwa, sannan ka riƙa zuba kofi ɗaya na ruwan khal ta bakin bututun duk wata biyu ko uku.

In duk wannan lafiya, sa wani ya ɗaga tamostat, kai kana tsaye kusa da injin kana saurare. Tsarin tashinsa ɗaya ne kullum. Wata ƙaramar fanka mai jan hayaƙi ce ke fara juyawa. Bayan ɗan lokaci makunnin wuta ya yi jajir. Sai ka ji ƙas, gas ya buɗe, shuɗiyar wuta ta kama. Bayan rabin minti zuwa minti ɗaya babbar fanka ta tashi ta tura ɗumi cikin gida. Inda jerin nan ya tsaya, nan cutar take. In ƙaramar fanka ta tashi amma babu abin da ya yi ja, yawanci makunnin wuta ne ya ƙone, ko kuma na'urar da ke tabbatar da fitar hayaƙi ce ta hana. In wuta ta kama ta yi daƙiƙa kaɗan ta mutu, kuma injin ya sake gwadawa sau biyu ko uku, kusan kullum sandar da ke jin wuta ce ta yi datti. Wannan ita ta kama ni. Siririn ƙarfe ne da ke tsaye cikin harshen wutar, noti ɗaya ke riƙe shi, kuma wata tara na laima sun isa su lulluɓe shi da dauɗa har ya kasa shaida wa injin cewa wuta ta kama. Mai hannun gyara yana iya kashe wutar injin, ya kwance shi, ya goge shi a hankali da soson ƙarfe mai laushi, ya mayar. In hannunka bai saba ba, bari. Kuma ko ya saba, kada ka taɓa bawul ɗin gas, kada ka taɓa kafasita, ɗan gwangwanin da ke taimaka wa injin fanka juyawa, domin tana riƙe wuta ko an kashe bireka.

Abu na ƙarshe: ta wata 'yar tagar gilashi a murfin za ka ga fitila tana ƙiftawa. Ƙirga ƙiftawar kafin ka kashe wuta, don kashewa yana goge ta. Ma'anar kowane adadi tana manne a bayan murfin. Ka faɗa wa mai gyara wannan tun a waya, zai san da wanda ya san ciwon kansa yake magana.

Kiran mai gyara, da abin da za ka biya

A Teksas hukumar TDLR ce ke ba masu wannan sana'a lasisi, lambar tana farawa da TACLA ko TACLB, kuma ana iya duba ta a shafin hukumar na intanet. Na san halinmu, mun fi son a ce ga wani ɗan'uwa da ya iya, zai yi da rahusa. Ga sauya filta ko goge sanda babu laifi. Ga abin da ya shafi gas da hayaƙi, nemi mai lasisi da inshora.

Tambayi kuɗin zuwa tun kafin ya taso, da ko za a cire shi daga kuɗin gyara in ka yarda a yi. Farashi yana bambanta daga kamfani zuwa kamfani kuma yana hawa kowace shekara, amma ga abin da aka fi ji. Zuwa da bincike dala 80 zuwa 150 a ranar aiki, ya fi haka da dare ko ƙarshen mako. Gogewa ko sauya sandar jin wuta, daga 100 zuwa 250. Makunnin wuta, 150 zuwa 400. Kafasita, 150 zuwa 300. Fankar jan hayaƙi ko allon ƙwaƙwalwa, daga 400 zuwa kusan 1,000. Injin babbar fanka yana farawa daga wajen 500, sabon samfuri mai sauya gudu kuwa yana haura 1,000 cikin sauƙi. Za ka lura kayan kansu ba su kai haka ba, makunnin wuta a kanti 'yan dalolin gommai ne. Abin da kake biya shi ne mota da lasisi da inshora da ƙwarewa da hawa saman silin. Wannan halas ɗinsu ne. Abin da ba halas ba shi ne a tsorata ka.

Ga yadda tsoratarwar take zuwa. A cikin fanes akwai tukwanen ƙarfe da wuta ke bi ta cikinsu, iskar gida kuma tana shafar bayansu ta ɗauki zafi, hayaƙi da iskar numfashi ba sa haɗuwa. In tukunyar ta tsage ko tsatsa ta huda ta, hayaƙi yana iya shiga gida. A garin laima wannan yana faruwa da gaske, musamman in ruwan esi ya daɗe yana ɗiga a kanta. Mai gyara na gari zai rufe gas ɗin, kuma daidai ya yi. Amma wannan maganar ita ce kuma hanya mafi sauƙi ta sayar wa mutum sabon inji a daren sanyi. Ni an taɓa faɗa mini haka, mutumin ko murfin ciki bai buɗe ba, ya ciro takardar farashin sabon inji daga jaka. Na biyun da na kira ya sa kyamara ya duba lungu-lungu, ya auna hayaƙin, babu tsaga. Gani ya kori ji. Ce a nuna maka tsagar da idonka ko a hoton da aka ɗauka a gabanka, a nuna maka abin da na'urar awo ta karanta. Bar gas ɗin a rufe, ku kwana da ƙaramar hitar lantarki, gobe ka kira wani kamfanin. Hitar a soka ta kai tsaye a bango, ba a kan doguwar waya ba, kuma a nisanta ta daga labule da katifa da taku uku.

Kafin ka yarda da kowane babban gyara, tambayi garanti. Yawancin masu ƙera injin suna ba da shekara 10 a kan kayan gyara in an yi rajista bayan sakawa, 5 in ba a yi ba, tukunyar kuwa sau da yawa shekara 20 ko fiye. Ladan aiki ba ya ciki, amma kayan kyauta ne. In haya kake, gyaran yawanci nauyin mai gida ne. Sanar da shi a rubuce, ka ajiye kwafi.

A gyara ko a sauya

Fanes ɗin gas yakan yi shekara 15 zuwa 20. Esi da hit-fam a wannan yankin sukan gaji tun daga shekara 10 zuwa 15, don kusan ba sa hutu, kuma kusa da teku irin su Galbeston gishirin iska yana cinye injin waje da wuri. Masu sana'ar suna da wani lissafin kai: ninka shekarun injin da kuɗin gyaran, in ya haura 5,000 a fara tunanin sabo. Gyaran dala 300 a injin shekara 9 ya ba da 2,700, a gyara. Gyaran dala 900 a injin shekara 16 ya ba da 14,400, kuɗin nan gara su shiga sabo. Injin da ambaliya ta nutsar, kamar yadda ya faru ga dubban gidaje lokacin guguwar Harvey a 2017, ba a busar da shi a ci gaba da amfani, kayan gas da na wutarsa sun tashi daga aiki.

Amma kada ka kalli fanes shi kaɗai. Fankarsa ita ce fankar esi, bututun iska ɗaya suke bi. Dubi takardar jikin injin waje. In an rubuta R-22, wannan gas ɗin sanyi an daina ƙera shi da shigo da shi Amurka tun farkon 2020, cika shi tsada ne ƙwarai. R-410A har yanzu ana samunsa don gyara, sai dai sababbin injuna daga 2025 sun koma R-454B ko R-32. In esi ɗinka ya tsufa kuma fanes ya mutu, sauya su tare ya fi sauƙi a kan biyan aiki sau biyu.

Wanne za ka saya

Ra'ayina a fili yake: a garin da ake sanyaya gida wata takwas ko tara, zaɓin injin ɗumi ya kamata ya biyo bayan tambayar wane inji ne zai fi busar da gidan da rani.

Ɗauko bil ɗinka na wuta da na gas ka yi lissafi. Ana auna gas da therm ko CCF, kusan abu ɗaya ne, kuma therm ɗaya BTU 100,000 ne, BTU kuwa ma'aunin zafi ne. Don samun wannan zafin a cikin ɗaki, fanes mai kashi 80 zai ƙona therm 1.25. Injin lantarki zalla zai ci yunit 29 da ɗoriya. Hit-fam, da yake ɗauko zafi yake yi ba ƙirƙirarsa ba, a irin sanyin nan mai sauƙi yakan ba da kusan ninki uku na wutar da ya ci, wato wajen yunit 10. A misali, a ce gas dala 1.50 ne, yunit kuma santi 15: fanes ya ci dala 1.88, lantarki zalla 4.40, hit-fam 1.47. Saka naka farashin ka gani. Ka tuna kuma kamfanin gas yana cajin wani tsayayyen kuɗi duk wata ko ba ka kunna komai ba.

In gidanka lantarki zalla ne kuma esi ya tsufa, hit-fam za ka saya, babu dogon tunani. In kana da gas, kana girki da dafa ruwa da shi, kuma esi ɗinka sabo ne, mayar da fanes mai kashi 80 ya wadatar. Kuɗinsa da sakawa yakan kama daga wajen dala 3,500 zuwa 7,000, cikakken tsarin hit-fam ko esi da fanes tare kuwa daga wajen 8,000 zuwa 15,000 ko sama. Za a kwaɗaita maka mai kashi 96. A Minisota kuɗinsa yana dawowa. A nan, in gas ɗin ɗumin hunturunka duka dala 300 ne, abin da zai rage maka dala 50 ne a shekara, ga ƙarin bututun ruwan da zai iya toshewa ko ya daskare a saman silin ranar tsananin sanyi. Akwai kuma mai haɗa biyun, hit-fam a kwanakin sanyi mai sauƙi, gas in ya tsananta. Yana da kyau, amma ya fi tsada. Ga gareji da aka mayar ɗakin baƙi, ƙaramin hit-fam na bango, irin esi mai raba biyu da muka sani a gida, ya fi jan bututu. Hitar gas marar bututun hayaƙi kuwa ka guje ta, ƙona gas tururi yake fitarwa, laima za ta ƙara wa gidan da ke fama da ita.

Wanda ya koma hit-fam ya san halinsa tun da wuri. Iskarsa ba ta kai ta fanes zafi ba, kuma yana daɗewa yana aiki, haka aka yi shi. Da safiyar sanyi mai raɓa ƙanƙara takan kama injin waje, sai ya juya na 'yan mintuna ya narkar da ita, ka ga tururi yana tashi. Ba gobara ba ce. Kuma kada ka riƙa ɗaga tamostat da yawa a tashi ɗaya, hakan yana tayar da wayoyin lantarki na taimako da ke cikinsa, masu yin ja kamar na hita, su ne masu kumbura bil. Ajiye shi wajen digiri 68 na Faranhait, wato 20 a ma'aunin da muka saba, ka ƙyale shi.

Babban kuskuren da nake gani shi ne sayen inji mai girma fiye da gidan, wai don ya yi ƙarfi. Babban esi yana sanyaya ɗaki cikin minti kaɗan ya mutu, bai daɗe yana aiki ba balle ya tatse ruwan iska. Sai gida ya yi sanyi amma jiki yana danƙo, shaddar da ke cikin kabad ta fara warin funfuna, takalman fata su yi fari, bakin bututun iska ya yi baƙi-baƙi. Ce wa kamfanin ya yi maka lissafin da ake kira Manual J, wanda ke auna girman gida da tagogi da rufi da inda rana ke bugawa. Wanda ya kalli tsohon injin kawai ya ce a mayar da irinsa ko a ƙara masa tan ɗaya, wato ma'aunin ƙarfin esi, bai yi aikinsa ba. In aljihu zai ɗauka, inji mai gudu biyu ko mai sauya gudu ya fi busar da gida nesa ba kusa ba. Hukumar kare muhalli ta Amurka tana ba da shawarar laimar cikin gida ta zauna ƙasa da kashi 60, an fi so tsakanin 30 da 50. Ɗan ma'aunin laima bai wuce dala 15 ba. Fankar tamostat kuma a bar ta kan AUTO. In tana kan ON, ruwan da esi ya tatsa sai ta sake hura shi cikin gida.

Ciniki da ranar sakawa

Karɓi farashi a rubuce daga kamfani uku, kowanne da lambar samfurin injin, garantin ladan aiki, sabon tire da makunnin ruwa, duba bututun iska da liƙe inda yake yoyo, da izinin hukumar gari. Ana tayawa, kada kunya ta hana ka. Araha ba ta ado, amma mafi tsada ma ba shi ne mafi iya aiki ba, kuma injin da aka saka da kyau ya fi mai babban suna da aka saka da gaggawa. Tambayi kamfanin wutarka ko yana da rangwame. Sassaucin haraji na gwamnatin tarayya na har dala 2,000 a kan hit-fam ya ƙare da ƙarshen 2025, kada wani ya sa maka shi cikin lissafi.

Za a miƙo maka takardar biya a hankali, a ce babu ruwa har wata 12 ko 18. Karanta ƙananan rubutun. A irin waɗannan da yawa, in wa'adi ya cika da saura ko dala ɗaya, ruwan duka tun daga ranar farko ake ɗora maka. Ga mai gudun riba wannan rami ne. Na ga waɗanda suka yi adashi a tsakaninsu don irin wannan ranar, na kuma ga waɗanda suka nemi ragi saboda za su biya lakadan, aka rage musu.

Lokacin ciniki shi ne Oktoba ko Maris, sa'ad da masu gyara ba su da layi. A Oktoban ne kuma za ka gwada injin, tun ana sa riga mai gajeren hannu. Buɗe tagogi, ɗaga tamostat, bar shi ya yi minti goma sha biyar. Warin ƙonewar ƙura zai tashi ya wuce. Danna maɓallin gwaji na na'urar kabon monoksaid, sauya filta, zuba khal a bututu. In ka sauko, zagaya bayan gida ka ɗaga kai: a gidaje da yawa akwai wani ɗan gajeren bututu da ya leƙo daga ƙarƙashin rufi, daidai saman taga. Da gangan aka sa shi inda ido zai gani. Ranar da ka ga yana ɗiga, babban bututun ya toshe, ruwa ya fara bin hanyar ko-ta-kwana, ka hau a ranar.